Yadda Za Ka Gano Ramin Al-Battani a Fuskar Wata

Ranar da na fara ɗora ido a kan madubin hangen nesa, daren sha huɗu na zaɓa. A lissafina tunda wata ya cika ai komai zai fito fili. Na tara yara a tsakar gida, maƙwabcina ma ya shigo da carbinsa a hannu, na saita madubi na leƙa. Farin faifai kawai na gani yana ƙyalli kamar sabon tire, sai 'yan tabo nan da can, idona har yana ruwa. Maƙwabcin nan ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan ai da idona ma ina ganinsa kyauta." Ya yi mana sai da safe.

Laifin nawa ne. Inuwa ce ke fito da ramukan wata, a daren sha huɗu kuwa hasken rana yana dukansu ne daga inda muke kallo, duk inuwar ta ɓuya. Na ɓata watanni kafin in gane haka, shi ya sa nake so in rage wa mai farawa hanya. Rami guda zan ɗauka, wanda taswirorin wata suke rubutawa Albategnius. Sunan Al-Battani ne, malamin falaki, wato ilimin taurari, na birnin Raƙƙa ta Siriya, bakin Turawa ne ya murɗe shi haka. Na zaɓe shi don yana da girma, yana kusa da tsakiyar wata inda ba a shan wuyar nema, kuma lokacin ganinsa bai hana kowa barci: daga magariba zuwa bayan isha'i kaɗan an gama.

Daren da za ka fito

Mu da muke ƙidayar kwanan wata saboda azumi da salla, an ɗauke mana rabin wahala. In ka lissafa daren da wata ya tsaya a matsayin daren ɗaya, to daren bakwai ko na takwas ne naka. Amma kada ka dogara da ƙidaya kaɗai. Wani watan ana ganinsa da wuri, wani a makare, kuma shi kansa watan ba gudu ɗaya yake yi kullum ba. Siffarsa za ka duba. Ranar da ka gan shi an raba biyu daidai, rabi fari rabi duhu, iyakar da ke tsakani a miƙe kamar an ja zare, to fito da kaya.

Wannan iyaka ta haske da duhu ita ce gonarka. A daidai wurin rana ce take fitowa, don haka kowane tudu yana jan inuwa doguwa irin ta mutum da sassafe. Iyakar tana matsawa kimanin kilomita 15 a awa guda a tsakiyar wata. Faɗin ramin Al-Battani kuwa kusan kilomita 130 ne, wato kamar daga Kano zuwa Zariya in an miƙe hanyar babu kwana. Ka ga ke nan sai ta yi awa takwas zuwa tara kafin ta tsallake shi. In ka fito daren bakwai ka tarar ramin yana cikin duhu, gobe ma dare ne. In kuma ka yi sa'a ka same ta a kansa, zauna, kada ka tashi.

Akwai dama ta biyu wajen daren 21 ko 22, lokacin da rana ke faɗuwa a wurin, inuwa ta juya ɗaya gefen. Sai dai watan ba ya fitowa sai tsakar dare, gara ka bari sai gab da asuba ya ɗago sosai. Wanda ke tashi sahur a goman ƙarshe ya samu a sama.

A wajenmu rabin wata yakan zo kusan tsakar ka da magariba, wuya ya yi ta ciwo. Ni nakan bari sai wajen ƙarfe takwas ya ɗan karkata yamma. Daren da aka ɗauke ruwan sama a damina ya fi kowane dare tsabta. Hazo mai kauri na hunturu kuwa yana shafe komai, mara kauri ba ya hana aiki. Abin da ya fi hazo ɓarna shi ne zafin da ke tashi daga rufin kwano da ya wuni a rana, ko daga janareta: hoton zai dinga rawa kamar kana kallo ta saman murhu. Ka nemi inda layin idonka ba zai bi ta kansu ba.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50, ya isa ka gano ramin. Goman tana nufin yana kusanto da abu sau goma, hamsin ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Matsalarsa rawar hannu. Ka kafa gwiwar hannunka a kan katanga, ko ka kwanta rigingine a tabarma da matashi. Da shi za ka ga ramin a matsayin ɗan zobe mai baƙin ciki. Hangen Dala ne dai, ba shiga birni ba.

Shiga birni sai da mai ido ɗaya, teleskof. Nawa na hannu ne, faɗin gilashinsa milimita 70, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa da shi na gani, ban da abu ɗaya. A jikinsa an rubuta 700, a jikin ɗan gilashin da ake sa ido kuma 10. Ka raba 700 da 10, ka sami 70, to sau 70 yake kusantowa. Kada kwalin da ke alkawarin sau 500 ya ruɗe ka. Gilashi ba ya ba da hoto mai kyau fiye da kimanin ninki biyu na faɗinsa a milimita, wato mai 70 iyakarsa wajen 140, sama da haka sai dishi-dishi. Ka fara da ƙaramin kusantowa har ka sami wurin, sannan ka canza. In ƙafafun madubin suna rawa, rataya galan ɗin ruwa a tsakiyarsu, zai nutsu. Kuma za ka ga wata yana zamewa daga idonka cikin 'yan mintoci. Juyawar duniya ce, sai ka dinga bin sa a hankali.

Magana ɗaya ga mai yara a gida: kada a taɓa juya wannan madubi wajen rana, ko da wasa. Yana makantarwa nan take. Ni da gari ya waye nake kulle nawa a ɗaki.

Nemo shi

Ka manta da "sama" da "ƙasa". Wata yana jirkicewa yayin da yake gangarawa, kuma madubin ma yana juya hoto: wani yana mai da dama hagu, wani yana kifar da shi gaba ɗaya. Da alamomin jikin watan za ka yi aiki.

Dubi rabin da ke da haske. Kusurwa ɗaya tana da manyan baƙaƙen filaye, waɗanda mutanen da suka kira tekuna ko da yake babu ɗigon ruwa a cikinsu, daskararren narkakken dutse ne. Wannan ɓangaren ne arewa. Ɗaya kusurwar fara ce, ramuka sun cika ta kamar tandar waina. Nan ne kudu. Yanzu bi iyakar haske da duhu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka tsaya a tsakiya. Daga nan ka nufi kudu, ka ci kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar zuwa kusurwa. Za ka ci karo da manyan zobba biyu a jere. Na farko, Hipparchus, ya tsufa ƙwarai, ganuwarsa ta zube kamar kufai, har kana iya wuce shi ba ka lura ba. Na biyun shi ne namu. Alamarsa biyu ce kuma ba ta ɓata: tsauni a ciki, da wani ƙaramin rami da ya ci gefen ganuwarsa ta wajen duhu, kamar dutsen zobe. Ƙaramin shi ne Klein, faɗinsa kilomita 44, sunan wani masanin falaki Bajamushe ne.

In ka makara da dare guda, nema ya fi sauƙi ma. Zuwa lokacin wasu manyan ramuka uku sun fito a bakin duhu, a jere daga babba zuwa ƙarami suna gangarawa kudu: Ptolemaeus, Alphonsus da Arzachel. Ido ba ya kuskure su. Daga mahaɗar na farko da na biyu ka matsa kaɗan zuwa wajen haske, ga Al-Battani nan. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna maka siffar wata ta kowane dare, shafin QuickMap kuma yana da hotunan kumbon LRO na Amurka kyauta, sai ka kwatanta da abin da ka gani.

Abin da za ka tsaya ka kalla

Fara da ganuwa. Ba da'ira ce sosai ba, ta fi kama da mai kusurwa shida, kuma a wasu wuraren tsawonta ya kai kilomita 4 daga ƙasan ramin. Inuwa za ta sa ka ɗauka rijiya ce mai zurfin gaske. Yi lissafi: 4 a cikin 130. Da za a mai da shi tire mai faɗin mita ɗaya, bakinsa santimita 3 kawai zai yi. Fili ne shimfiɗaɗɗe da ganuwa ta kewaye. Saboda wata ƙarami ne kuma ya fi duniya lanƙwasa, wanda ya tsaya a tsakiyar filin ba zai ga gindin ganuwar ba, fiye da kilomita ɗaya na ƙasanta zai ɓuya masa a bayan doron ƙasa.

Sannan tsaunin ciki, mai tsawon kimanin kilomita 1.5. Bai zauna daidai tsakiya ba, ya ɗan karkata wajen Klein. Shi ne abin da nake jira kowane wata. Akwai ɗan lokaci da ƙasan ramin yake baƙi ƙirin, rana ba ta kai gare shi ba, amma ta riga ta taɓa kan tsaunin. Sai ka ga ɗigon haske guda a tsakiyar duhu kamar an kunna fitila a daji. In ka jira awa ɗaya ko biyu ɗigon zai yi faɗi, inuwar ganuwa ta fara janyewa, kana kallon fitowar rana a wata duniya daga nisan kilomita 384,000. A ƙoƙuwar tsaunin akwai ɗan mitsitsin rami. Shi ne abu ɗayan da madubina ya kasa nuna mini, a hotunan kumbo na gan shi.

Yadda tsauni ya tsiro a cikin rami kuwa, ka jefa tsakuwa a randa ka lura: ruwan zai lotsa, sannan tsakiyarsa ta yi tsalle sama. Haka dutse yake yi idan wani ƙaton dutse daga sararin sama ya faɗo masa da gudun kilomita da yawa a daƙiƙa, sai dai shi yana daskarewa a tsaye. Wannan ramin ya faru kusan shekara biliyan 4 da suka wuce.

In iska ta nutsu, duba tsagogin da suka yanka ganuwar da tuddan da ke kewaye. Duk hanya ɗaya suka nufa, kamar an ja manjagara. Ka bi su da ido zuwa arewa, can suka fito, daga Imbrium, ɗaya daga cikin manyan baƙaƙen filayen nan. Karon da ya haƙa Imbrium ya watso duwatsu ta kowace fuska, suka zo suka kakkarce wannan yanki. Masanin duwatsu Ba'amurke G. K. Gilbert ne ya bayyana haka tun 1893. Tunda tabon yana kan ganuwar, ka san ramin ya girmi Imbrium. Wannan shi ne karatun shekaru a wata: wanda ya hau kan wani shi ne ƙane. Ka gwada da Klein, nan take za ka san wane ne yaya.

Ƙasan ramin sumul take, amma launinta bai kai baƙin tekuna ba. An daɗe ana ɗaukar irin waɗannan fararen filaye aikin aman wuta ne. A Afrilun 1972 'yan sama jannatin Apollo 16, John Young da Charles Duke, suka sauka a kan irin wannan shimfiɗar a tuddan Descartes, 'yan ɗaruruwan kilomita gabas da nan, wato ɓangaren da ke da haske a daren bakwai. Abin da suka kwaso farfasassun duwatsu ne da karo ya niƙa ya sake haɗewa, dole masana suka sake lale. Kafin wannan ma, a 1962, masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun harba hasken leza zuwa wannan yankin suka kama ɗan abin da ya dawo.

Kada ka tashi ba ka zana ba. Takarda da fensir, zobe ɗaya, inda inuwa ta tsaya, da lokaci. Bayan rabin awa ka sake wani. Ba gwanin zane ake nema ba, hannu ne ke tilasta wa ido ya lura. Hoton waya ma yana yiwuwa in ka manna kyamarar a bakin gilashin ido ka rage haske, amma cikin goma da wuya biyu su yi kyau. Galileo, masanin falaki na Italiya, da hannu ya zana nasa a ƙarshen 1609, da madubin da bai wuce sau 20 ba, ya buga a 1610. A zanen nasa na rabin wata akwai wani ƙaton rami a kan iyakar duhu, wanda ya kwatanta da ƙasar Bohemiya da duwatsu suka zagaye. Ya ƙara masa girma fiye da ƙima, amma masana irin su Ewen Whitaker suna ganin wannan ramin namu ne ya zana.

Yadda sunan ya hau can

Maƙwabcin nan nawa ya dawo wani daren takwas ga wata, da ƙyar na shawo kansa. Ya daɗe a sunkuye. Da na faɗa masa sunan ramin sai ya ce, "To Malam, wa ya yanka masa fili a can?"

Abu Abdullahi Muhammad ɗan Jabir Al-Battani an haife shi a Harran, cikin Turkiyya ta yau, wajen shekarar 858. Danginsa Sabi'awa ne, shi kuwa Musulmi, daga nan littafinsa na jadawalin taurari ya sami sunan Az-Zij As-Sabi. A Raƙƙa ta Siriya ya yi kusan shekara 40 yana auna rana da wata da taurari, ba shi da gilashi ko ɗaya, sai ma'aunai da ido da haƙuri. Ya fitar da tsawon shekarar rana kwana 365, awa 5, minti 46 da daƙiƙa 24. Tsakaninsa da awon zamani minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Ya rasu a 929 kusa da Samarra a Iraƙi. A ƙarni na 12 wani Plato na Tivoli ya mai da littafin harshen Latin, a nan sunan ya koma Albategnius. An buga fassarar a Nurembag ta Jamus a 1537, shahararren masanin falaki Copernicus ma ya kafa hujja da awonsa.

Amma ba shi ne ya fara riƙe ramin ba. A 1645 Michael van Langren, wanda ke yi wa sarkin Sifaniya aiki, ya fitar da taswirar wata ya rarraba wa masu sarauta. Wannan ramin ya ba Fadinan na Uku, sarkin daular Rum Mai Tsarki. Ptolemaeus ya ba Fafaroma Innocent na Goma, Alphonsus kuma Luwis na Sha Huɗu na Faransa. Fadanci ne zalla, kuma bai daɗe ba. A 1647 Johannes Hevelius na birnin Danzig ya ɗauki wata hanya, ya kwashi sunayen duwatsu da tekunan duniya ya liƙa wa wata. Kaɗan daga cikinsu, kamar tsaunukan Alpes da Apenninus, suna nan har yau.

Wanda ya ci kasuwa shi ne Giovanni Riccioli, malamin kirista a birnin Bolonya na Italiya. A 1651 ya buga Almagestum Novum da taswirar da abokin aikinsa Francesco Grimaldi ya zana, ya tuɓe sarakuna ya naɗa malamai. Shekara shida kafin nan, a 1645, an sake buga littafin Al-Battani a Bolonyar da yake zaune, saboda haka ba baƙo ya ɗauko ba. Abin da ya fi burge ni shi ne unguwar da ya ajiye shi. Ga Hipparchus a arewa da shi, ga Ptolemaeus, Baɗlaimus na littattafan Larabci, a gefensa, mutanen da ya gaji lissafinsu ya kuma gyara. Baɗlaimus ya ce taurari suna gusawa daraja ɗaya, wato digiri ɗaya, a shekara 100, Al-Battani ya auna ya sami shekara 66, kuma nasa ya fi kusa da gaskiya. Alphonsus sarki ne, Alfonso na Goma na Kastila a Sifaniya, amma ilimi ne ya kai shi can: shi ya sa aka fassara littattafan falaki na Larabci zuwa harshen ƙasarsa, har da na Al-Battani. Arzachel kuwa Az-Zarƙali ne na Toledo ta Andalus.

Sunayen sun ci gaba da cakuɗewa daga taswira zuwa taswira har sai da ƙungiyar masana falaki ta duniya, IAU, wadda aka kafa a 1919, ta amince da jeri guda a 1935, aikin Mary Blagg da Karl Müller. Ita kaɗai ke raɗa suna yanzu, kuma ga mamatan masana da matafiya take bayarwa. Masu tallar fili ko suna a wata ta intanet, takardarsu ba ta da gurbi a kowace taswira, ka riƙe kuɗinka. Ƙananan ramukan da ke kewaye harafi kawai ake ƙara musu, kamar Albategnius B da ke cikin ganuwar ta arewa.

In ka kama wannan, sauran maƙwabta suna kusa. Kudu maso gabas da shi akwai Abulfeda, wato Abul Fida sarkin Hama, da Almanon, wato Halifa Ma'amun, da Azophi, wato As-Sufi. Waɗannan daren shida zuwa bakwai suke fitowa. Daren takwas zuwa tara sai Alpetragius, Al-Biɗruji, a gefen Arzachel, mai ƙaton tsauni a ciki kamar ƙwai a sheƙa, da Thebit, Sabit ɗan Ƙurra, wanda shi ma mutumin Harran ne. Akwai kuma ɗan ƙarami da aka raɗa wa sunan Ibn Baɗɗuɗa a 1976, matafiyin da ya sauka Takadda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya ba da labarin tagullar da ake kaiwa Barno da Kubar, wadda masana ke ɗauka Gobir ce. Faɗinsa bai wuce kilomita 12 ba, yana cikin baƙin filin Fecunditatis. Mai ido biyu ba zai yi maka shi ba, sai teleskof, kuma a daren huɗu ko biyar za ka neme shi, da zarar an idar da magariba, kafin watan ya yi ƙasa.